Ra'ayi: Masu tsoron magana cikin mutane da sabon abokin hirarsu na cikin waya

Saura kwana uku ya kare kundin bincikensa na kammala digiri, wani ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya zo ya kwana a wurina a Samaru. Can cikin dare sai na ji magana ƙasa-ƙasa daga zaure. Da na leƙa, na same shi zaune a kan tabarma, waya a hannu, yana ta bayani da Turanci murya na rawa.

Na ce, "Kai da wa kake magana a wannan tsohon daren?"

Ya ce, "Yaya, gwaji nake yi. Na ce wa manhajar nan ta zama malamin da zai yi mini tambayoyi, kuma kada ta raga mini."

Wannan yaro shekararsa 23. Idan ya hango majalisa a bakin layi, ya gwammace ya zagaya ta bayan gidaje da ya wuce ya yi sallama. Idan aka kira shi a waya, sai ya zuba mata ido har ta katse, sannan ya turo saƙo cewa yana aji. A dangi sunansa miskili. Mahaifiyarsa kuma cewa take yi kunya ce ta yi masa yawa. A daren nan ne na fara jin ya yi magana ta minti goma a jere, kuma da na'ura yake yi.

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Matsayata ita ce: ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar AI, tana da amfani ga mai tsoron magana idan ya ɗauke ta a matsayin filin atisaye kafin ya fita ya tunkari mutane. Ranar da ya mayar da ita bakinsa, ko ya mayar da ita maɓoya, ta ƙara masa ciwon da ya zo neman magani a kai.

Kunya daban, tsoro daban

Dole mu fara da raba abu biyu da muka saba haɗawa. Kunya ado ce a wurin Bahaushe. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi koyarwa a nan Zariya, da ya rubuta nazarinsa kan mutumin kirki a 1974, ya lissafa kunya a cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri. Matar da ba ta kiran sunan ɗan fari, saurayin da ke sunkuyar da kai a gaban surukai, yaron da ba ya katse babba, duk kunya suke yi. Mai kunya ya san abin da zai faɗa, yana zaɓar lokaci da wuri ne.

Akwai kuma wani abu da likitocin ƙwaƙwalwa suka ware a matsayin larura: matsanancin tsoron kada mutane su zuba maka ido, su gane kasawarka, su yi maka dariya. Mai wannan larura yana son ya yi maganar, jikinsa ne ke ƙi. Gaba ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe, maƙogwaro ya bushe, abin da ya haddace ya gudu. Bayan an watse kuma ya kwana yana bitar kalma ɗaya da ya faɗa ba daidai ba, wadda babu wanda ya lura da ita.

Yawanci abin yana farawa ne tun shekarun balaga. Cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 12 cikin 100 na manyan ƙasar sun taɓa fama da shi a rayuwarsu. A wajenmu kuma kunya tana yi masa rufa-rufa. Yarinyar da ba ta iya buɗe baki a gaban baƙi yabonta ake yi, har sai ranar da ta je asibiti ta kasa gaya wa likita abin da ke damunta, ko ta zauna a gidan miji shekara da shekaru da magana a ciki.

Asarar a fili take. Ɗalibi ya zauna a lacca bai gane ba, ya kasa ɗaga hannu. Mai takardu masu kyau ya faɗi a intabiyu. Tela ya kasa tambayar kuɗin ɗinkinsa. Ni kaina na ɗanɗana. Lokacin da nake karatun babbar difloma aka tura ni in yi hira da wani jami'i, sai da na zagaya ofishinsa sau uku, na koma na ce ban same shi ba. Da a ce a lokacin akwai abin da zan yi gwaji da shi a ɓoye, da na yi.

Me ya sa suke komawa ga waya?

Amsa ta farko ita ce babu inda za su je. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha nanata cewa ƙwararrun fannin da suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Mu a Zariya ma muna cikin masu sa'a, tunda akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta cire tsangwama. Wanda ke tsoron yi wa maƙwabcinsa sallama, ta yaya zai shiga layin da za a ce ga shi can a wurin masu taɓin hankali?

Amsa ta biyu, na'urar tana cikin aljihu. ChatGPT ya fito ne a ƙarshen Nuwamban 2022. A Afrilun 2024 kamfanin Meta ya shigo da tasa manhajar cikin WhatsApp a Najeriya, ta zauna a jere da sunayen abokai da 'yan'uwa. Ba ta gajiya, ba ta dariya, ba ta kai labari majalisa, kuma ƙarfe biyun dare ma tana amsawa.

Sakin jiki da na'ura ba sabon abu ba ne. A 1966 wani masanin kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙirƙiri wata manhaja mai suna ELIZA wadda aikinta kawai ta juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya. Duk da haka, ya ba da labarin cewa sakatariyarsa, wadda ta san sarai na'ura ce, ta nemi ya fita daga ɗakin domin ta yi hira da ita a keɓe. Idan waccan ta iya jan mutum haka, ina ga ta yau da ke amsawa da murya?

Abin da bincike ya nuna

Akwai hujja, amma sai an karanta ta da kyau. A 2017 an gwada wata manhaja mai suna Woebot a kan matasa 70 a Amurka na tsawon mako biyu, aka ga alamun ƙuncin rai sun ragu a wurin waɗanda suka yi amfani da ita. A Maris 2025 masana a jami'ar Dartmouth suka wallafa sakamakon gwajin wata mai suna Therabot da mutum 210, inda alamun ƙuncin rai suka ragu da kusan rabi, na yawan fargaba kuma da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Sai dai waɗannan manhajoji an gina su ne musamman don wannan aiki. A gwajin Dartmouth akwai ƙwararru da ke bibiyar hirar, suna shiga tsakani idan sun ga haɗari. Da Turanci aka yi, a Amurka, kuma ba tsoron magana cikin mutane aka sa a gaba ba. Manhajar da ɗalibin Samaru ke buɗewa cikin dare ta kowa da kowa ce, ita ce dai ke rubuta takardar neman aiki da lissafin kuɗin adashi, kuma babu likitan da ke leƙa abin da take gaya masa.

Maganin da aka fi tabbatarwa ga wannan larura sananne ne. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a jagorarta ta 2013, ta sa jinyar gyaran tunani da ɗabi'a a gaba da ƙwayoyi. Zuciyar wannan jinya ita ce mutum ya riƙa shiga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, ya gani da idonsa cewa bala'in da yake hasashe bai auku ba. A nan ne na ga gurbin na'ura. Za ta iya zama matakin farko na tsani: ka gwada amsar intabiyu sau ashirin, ka ji muryarka tana fita, ka shirya yadda za ka fara bayani a gaban likita, ka sa ta yi maka tambayar da ka fi tsoro. Ɗan'uwana ya ce tambayar da ta fi ba shi tsoro, wato me ya sa ya zaɓi wannan hanyar bincike, sai da ya amsa ta sau tara kafin bakinsa ya daina sarƙewa. Wannan riba ce ta gaske, kuma babu ɗan'adam da zai zauna masa sau tara a tsakar dare.

Inda gizo ke saƙar

A 1995 wasu masana biyu na Birtaniya, David Clark da Adrian Wells, suka bayyana abin da ke sa wannan tsoro ya ƙi tafiya. Mai tsoron yana ƙirƙiro wa kansa dabarun kariya: ya haddace jimla kafin ya faɗa, ya zauna a bayan aji, ya yi kamar yana duba waya. Idan taro ya watse lafiya, sai ya ce dabarar ce ta cece shi. Da haka ba zai taɓa gano cewa ko ba dabarar babu abin da zai same shi ba.

Ƙirƙirarriyar basira za ta iya zama babbar dabarar kariyar da aka taɓa samu. Na san saurayin da duk saƙon da budurwarsa ta turo, sai ya kwafa ya ba manhaja ta rubuta masa amsa. Wata uku tana karanta kalamai masu tsari. Ranar da ya je zance ƙafa da ƙafa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, bayan gaisuwa sai shiru. Yarinyar ta gaya wa ƙawarta cewa kamar ba shi ne mai turo saƙon ba, kuma gaskiyarta.

Bahaushe dai ya san aron baki tun ba yau ba. Akwai ɗan rakiya da ke bin saurayi zance ya buɗe masa hira, akwai dillali, akwai waliyyi da ke magana a madadin ango. Amma ɗan rakiyar kirki yakan yi 'yar raha, sannan ya ce bari ya je ya dawo, ya bar mutum biyu su san juna. Ya san aikinsa na ɗan lokaci ne. Manhaja ba ta cewa bari ta je ta dawo. Kamfanin da ya gina ta yana son ka daɗe a kanta.

Matsala ta biyu ita ce yaba-kyauta. A Afrilun 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ya cika yabon mai amfani da shi da goyon bayan duk abin da ya faɗa. Wanda ya saba da abokin hira da kullum ke cewa ka yi ƙoƙari, ka kawo magana mai ma'ana, ranar da wani ya ɗaure masa fuska zai ji kamar an mare shi. A Maris 2025 wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin OpenAI da MIT, wanda ya bibiyi mutum kusan 1,000 na mako huɗu, ya gano cewa waɗanda suka fi daɗewa a kan manhajar kullum sun fi kukan kaɗaici, sun kuma fi ƙaurace wa mutane. Ko manhajar ce ta jawo, ko masu kaɗaicin ne suka fi manne mata, ko wanne ne dai ya isa ya sa mutum ya yi hattara. A Agustan 2025 ma wasu iyaye a jihar Kalifoniya sun maka kamfanin a kotu, suna zargin hirar da ɗansu mai shekara 16 ya riƙa yi da manhajar tana da hannu a mutuwarsa.

Ta uku, al'ada. Na gwada tambayar wata manhaja yadda matashi zai nemi alfarma a wurin dattijo. Ta ce ya kalle shi ido cikin ido, ya miƙa hannu da ƙarfi, ya tafi kai tsaye ga buƙata don kada ya ɓata masa lokaci. Duk wanda ya yi haka a zauren wani dattijo a Zazzau ya san abin da zai tarar. A nan sai ka tuɓe takalmi, ka rusuna, ka tambayi gajiya da iyali da sanyi, ka jira a ce maka lafiya dai ko. Hausar manhajojin ma sau da yawa Turanci ne aka sa wa hula. Ba su san Zazzaganci ba, balle cakuɗen Hausa da Yarbanci da Ibo da broka da ake ciniki da shi a Sabon Gari, unguwar da layin dogo ya tara mata baƙi daga kowace kusurwa tun farkon ƙarni na 20. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS, wata fasahar harshe da aka gina don Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Mataki ne mai kyau, amma gane kalma ba shi ne sanin lokacin da shiru ya fi magana ba.

Ta huɗu, sirri. Mai wannan larura yana zuba wa manhaja abin da bai taɓa gaya wa uwarsa ba, har da sunan malami da na budurwa da na unguwa. Maganar tana tafiya rumbun wani kamfani a wata ƙasa. Najeriya na da dokar kare bayanai tun Yunin 2023, amma kariya ta farko ita ce kada ka rubuta abin da ba za ka so a karanta a kasuwa ba.

Masu cewa a hana, da masu cewa a bari

Na ji dattawa na cewa a karɓe wayoyin kawai, su a zamaninsu da dole aka koya musu shiga mutane. Amma dolen nan ta karya wasu. Yaron da aka tsayar a tsakiyar taro aka ce sai ya yi magana, aka yi masa dariya, sau da yawa daga ranar ya rufe baki. Kuma wayar da aka karɓe yau, gobe zai ari ta abokinsa.

Na kuma ji matasa na cewa in dai saƙo ya isa, mene ne laifi don na'ura ta rubuta? Ga takardar ofis, babu laifi. Amma ta'aziyya, da biko, da neman gafarar mahaifi, da ciniki, da amsa tambayar alƙali, duk sai da baki da fuska ake yinsu. Wanda ya ɗauki hayar baki shekara biyar, ranar da ya buƙaci nasa zai tarar ya yi tsatsa.

Yadda za a ci moriyarta

Ga mai fama da wannan tsoro, ga abin da na ga yana aiki. Duk gwajin da za ka yi da manhaja, ka ɗaura shi a kan wata magana ta gaske mai rana da lokaci: intabiyun ranar Talata, ganin likita ranar Alhamis. Ka gaya mata ko kai wane ne a dunƙule, ba suna, da kuma irin mutumin da za ka tunkara da al'adarsa. Ka ce ta katse ka, ta yi maka gardama, ta nuna ba ta gamsu ba. Ka yi da murya, kada ka tsaya ga rubutu. Kada ka haddace amsarta, ka riƙe gaɓoɓi biyu ko uku ka faɗe su da bakinka. Idan za ka shiga wurin, wayar ta koma aljihu.

Sannan ka gina tsaninka a cikin gari. Yau ka yi wa mai shago sallama ka tambayi kuɗin abin da ba za ka saya ba. Gobe ka zauna a teburin mai shayi minti goma. Jibi ka ce wa direba akwai sauka da murya mai ƙarfi, maimakon ka bari a wuce da kai. Mako mai zuwa ka ɗaga hannu a aji sau ɗaya. Kafin kowane mataki ka rubuta abin da kake tsoron zai faru, bayansa ka rubuta abin da ya faru. Idan ka ga lokacin da kake ɓatawa da manhaja yana ƙaruwa, na mutane kuma yana raguwa, to ka san hanyar ta karkace.

Idan tsoron ya kai ka daina zuwa aji ko wurin aiki, ko ka fara shan wani abu don ka iya shiga mutane, ko tunanin cutar da kanka ya fara zo maka, wannan ya wuce aikin waya. Ka nemi likita a Shika ko asibitin da ya fi kusa, ɗalibi kuma ya nemi masu ba da shawara na makarantarsa. Idan faɗin abin da baki ne ke yi maka wuya, ka rubuta a takarda ka miƙa wa likitan.

Ga iyaye da malamai, a rage laƙabin miskili da dolo da mai girman kai. A tambayi yaro a keɓe ko tsoro yake ji. Ga ɗaliban kwamfuta da na halayyar ɗan'adam da na Hausa da ke cike a Samaru, ga aikin bincike a ƙofar gida: manhajar atisaye da ta san gaisuwarmu, wadda likitoci suka duba, wadda kuma bayan minti goma za ta ce wa mutum ya isa haka, ya je ya gwada a waje.

Ɗan'uwana ya kare kundinsa. Ya ce minti biyun farko muryarsa ta yi rawa, wani malami ya ce ya sha ruwa ya ci gaba, ya kuwa ci gaba har ƙarshe. Amma da ya dawo, ta bayan layi ya sake zagayowa don kada ya haɗu da 'yan majalisa. Washegari na ba shi kuɗi na ce ya hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari ya sayo wa kansa takalmi, da sharaɗin ya bar mini wayarsa kuma kada ya biya farashin farko. Ya dawo da la'asar, riga jiƙe da gumi. An ce masa naira 18,000, ya taya 10,000, mai shagon ya ce albarka har da tsaki, ya juya zai tafi aka kira shi, suka daidaita a 13,000. Ya ce tsakin nan ya ji shi har cikin ƙashinsa, amma bai mutu ba. Ranar Juma'a mai zuwa mun yi da shi zai bi ta gaban majalisa ya yi sallama.